Zomo da zafin bazara: yadda na kashe zomanyar autata ban sani ba



Yau ku yi min haƙuri, zan ɗan ajiye kaji da tarwaɗa a gefe. Na ga hunturu ya fara naɗe tabarmarsa, rana ta fara cizo tun da hantsi, kuma na san da yawanmu akwai kejin zomaye a wani lungu na gida, ko na yara ko na uwargida. Irin kiwon nan da ba a sa shi a lissafi. Kaji muna tashi tsakar dare mu leƙa su, kifi muna canza masa ruwa kan lokaci, amma zomo sai dai a watsa masa ganyen latas a wuce. Ni ma haka nake a da.

Bara waccan cikin watan Disamba kawun yarana ya zo daga Jos da kwali a hannu. Autata ce ta zo ta ɗaya a ajinsu, shi kuma dama ya yi mata alkawari. Zomaye biyu ne a ciki. Macen fara sol mai jan ido, irin da ake kira New Zealand White, namijin kuma mai ruwan toka, Chinchilla. Nan take yarinyar nan ta raɗa musu suna, Amarya da Ango. Ko kokon safe ba ta sha sai ta je ta gaishe su. Na sa kafinta ya buga musu keji mai hawa biyu, mace a sama namiji a ƙasa, aka rufa masa fallen kwano, muka ajiye shi ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar gida. Duk tsawon hunturu suna ci suna ƙiba, ko atishawa babu wanda ya yi.

Tsakiyar Maris aka haɗa su, Amarya ta ɗauki ciki. Cikin zomo kwana 31 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan haura, saboda haka Auta ta samu kalanda tana soke ranaku da biro, tana jiran tsakiyar Afrilu.

Farkon Afrilun ne na kawo tankin tamfol na kifi. Ina neman inuwar da ruwa ba zai yi zafi ba, ban ga inda ya fi gindin darbejiyar nan ba. Sai na ja kejin zomaye na jingina shi da katanga. Wallahi ban ga aibun wurin ba, domin da safe na yi aikin, kuma da safe wurin inuwa ce lumshi. Abin da ban tsaya na duba ba, katangar nan ta bulo rana ke dukanta tun daga azahar har la'asar sakaliya.

Saura kwana huɗu ta haihu, ina gona wajen ƙarfe biyu da rabi, wayar maman yara ta shigo. Muryar Auta na ji.

"Baba, Amarya ta ƙi tashi. Bakinta a buɗe, tana ta haki."

"Akwai ruwa a gabanta?"

"Ta kifar da robar, Baba. Ta bushe ƙayau."

Na ce maza a fito da ita a kai ta inuwa, ga ni nan zuwa. Kafin in iso, yayanta, don son ya taimaka, ya juye ruwan firji mai ƙanƙara a bokiti ya tsoma ta gaba ɗaya. Ta yi shure-shure biyu uku, shi ke nan. Na tarar da Auta zaune a dokin ƙofa da gawar a cinyarta. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago kawai ta ce, "Baba, me ya sa ka matsar da su?" Ban sami abin da zan ce mata ba.

Washegari na ɗauko ma'aunin zafin da nake ratayewa a ɗakin rainon 'yan tsaki, na rataye shi a hawan sama na kejin nan, daidai lokacin da abin ya faru jiya. Ya hau digiri 46. Na mayar da shi gindin darbejiya, ya sauko 39. Na kai shi tsohon ɗakin ƙasa da muke ajiye tarkace, na ajiye a daɓe, 33. Gida ɗaya fa, rana ɗaya, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Ango ya tsira ne kawai don yana hawan ƙasa, Amarya da katakon da ke ƙarƙashinta suka tare masa wutar kwanon.

Daga nan na je wurin wani abokina likitan dabbobi, na zauna ya karantar da ni, na kuma bi littattafai. Abu na farko da ya ɗaure min kai shi ne, ashe zomon da muke kiwo da zomon dajinmu ba dabba ɗaya ba ce, suna ne kawai ya haɗa su a bakin Bahaushe. Na dajin nan mai dogayen ƙafafu da dogon kunne, wanda mafarauta ke kora da karnuka, ɗan ƙasa ne. Ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake laɓewa, kuma ana haihuwar 'ya'yansa da gashinsu da idonsu a buɗe. Na gida kuwa asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, kuma ko a can ɗin a rami yake wuni, sai da magariba da asuba yake fitowa kiwo. Ana haihuwar 'ya'yansa tsirara, ido rufe, sai wajen kwana goma suke buɗewa. Saboda haka masu cewa ai zomo ɗan daji ne, ya saba da rana, sun haɗa kan dabbobi biyu. Mun ɗauki dabbar da ta saba wuni a ƙarƙashin ƙasa, mun ɗora ta a kan katako kusa da kwano, a ƙasar da zafin Afrilu ke kai digiri 40 ya haura a Sakkwato da Maiduguri, Kano ma ba ta da nisa da haka.

Jikin zomo ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 21, wato irin safiyar hunturunmu. In zafi ya kai 30 ya fara shan wahala, cin abinci ya ragu. In ya wuce 35 kuma jikinsa ba ya iya fitar da zafin da ke shigarsa, sai zafin jikin nasa, wanda a ƙa'ida yake wajen 39, ya fara hawa. Dalili kuwa, ga shi sanye da bargo, kuma ba ya zufa kamar ni da kai. Kaza in zafi ya dame ta takan buɗe baki ta yi haki, ta saki fukafukai, mun saba gani, ba ma tsorata. Zomo ta hanci yake numfashi. Duk ranar da ka ga zomo ya buɗe baki yana jan iska, ba irin na kaza ba ne, yana bakin mutuwa ne.

Kunnuwansa su ne lagiretonsa. Ka ɗaga kunnen farin zomo wajen haske, za ka ga jijiyoyin jini sun bazu kamar reshen bishiya. In zafi ya yi sai su buɗe, jini ya kwararo, iska ta ɗauke zafin, jinin ya koma jiki da ɗan sanyi. To amma wannan dabara tana aiki ne in iskar ta fi jikinsa sanyi. A kejin Amarya iskar ta fi jininta zafi da digiri bakwai, kun ga kunnen ma zafi yake ɗebo mata. Kuma tun da maganar kunne ta zo, don Allah a daina ɗaga zomo da kunne. Na san haka muka taso muka gani a kasuwa, amma ciwo yake ji, kuma in ya yi fizga ƙashin bayansa na iya karyewa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafo ƙugu. Ko Bahaushe ma ai ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Zomo ba ya kuka, ba ya kai ƙara, shi ya sa sai ka sa ido. Farkon abin za ka ga ya miƙe sambal a ƙasa, ƙafafun baya a baje, kunnuwa a tsaye sun yi ja, in ka taɓa ka ji zafi. Hancinsa na motsi da sauri. Lafiyayyen zomo a kwance yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, wanda zafi ya kama kuwa ba ma za ka iya ƙirgawa ba. A wannan matakin in ka sauya masa wuri ka ba shi ruwa, zai dawo. In ka ga kewayen hanci da baki ya jiƙe, yawu na dalala, ya ɗaga kai sama yana neman iska, ka taɓa shi bai gudu ba, to abin ya yi nisa. Bayan wannan sai layi, sai faɗuwa, sai shure-shure.

A nan ne ɗana ya yi kuskuren da ni ma da ina nan wataƙila shi zan yi. Likita ya ce min ruwan ƙanƙara yana sa jijiyoyin fata su tsuke, zafin ya kulle a ciki, ga kuma firgita, zomo kuwa dabba ce da tsoro kaɗai kan iya tsayar mata da zuciya. Abin da ya kamata shi ne a kai shi wuri mafi sanyi a gidan, a shimfiɗa tsumma mai laima a kwantar da shi a kai, kada a lulluɓe shi da shi. A riƙa shafa wa kunnuwansa ruwan randa da hannu ko da tsumma, ana yi masa fifita a hankali, kada ruwan ya shiga cikin kunnen. A ajiye masa ruwa a gaba, in ya iya ya sha da kansa. Kada a ɗura masa, zai shaƙe ya tafi huhu. Sannan a nemi likita ko da ya miƙe, domin wani sai ya farfaɗo ka yi murna, bayan kwana ɗaya ko biyu ya mutu, zafin ya riga ya taɓa ƙoda da hanji.

Ga kuma wani gargaɗi musamman gare mu masu kaji, domin na san halinmu, kowa da kwalin magunguna a gida. Da dabba ta langaɓe sai mu kaɗa mata na kaji. Zomo yana rayuwa ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjinsa, su ke narkar masa da ciyawa. Magunguna irin su amoxicillin da ampicillin da lincomycin da erythromycin in aka ba shi ta baki suna kashe waɗannan ƙwayoyin, sai zawo ya ɓarke, ya mutu. Kuma da yawa daga garin bitamin da muke kaɗa wa kaji lokacin zafi akwai irin waɗannan a haɗe a ciki, sai ka karanta jikin ledar za ka gani. Haka abincin kaji, wani ana sa masa maganin zawon jini irin su monensin da narasin, waɗanda guba ne ga zomo. Kar a ce dusa ta ƙare a ɗebo masa na burela.

To yanzu ga yadda na gyara, kuma ban kashe wani kuɗin a zo a gani ba.

Da farko na mayar da keji gindin darbejiya, kifi ya koma inda na yi masa rumfa. Amma kafin in ajiye, sai da na yi wuni guda ina bin inuwar, da hantsi, da azahar, da la'asar, ina zana iyakarta a ƙasa da tsinke. Inda layukan uku suka haɗu nan na kafa. Inuwa tafiya take yi, wannan kowa ya sani, amma ni sai da na binne zomanya na tuna. Hawa biyun nan kuma na sa kafinta ya raba shi ya zama hawa ɗaya. Bangon katako ya cire, aka sa raga ta gaba da baya don iska ta ratsa. Kwanon ban cire ba saboda damina, amma na ɗora masa zana biyu a sama, na sa sanduna tsakani don a sami rata kamar tafin hannu. Wanda ba shi da zana, karan dawa ma ya yi, ko tsohon asabari. Ko farin fenti ka shafa wa kwanon za ka ga bambanci. Kuma a nisanta keji da katangar bulo, domin tana shan rana da yini ta riƙa amayar da ita har tsakar dare.

Na biyu, buhun algarara. Ina jiƙa shi sharkaf in rataye a ɓangaren da iska ke shigowa, ɗan nesa da raga yadda ba za su ja su ci ba. Na huda ƙaramar jarka na rataye a samansa tana ɗiga a hankali don kar ya bushe. Iska in ta ratso ta cikinsa sai ta shigo da sanyi. Hikimar randa ce dai, ruwa na tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi. Ita ce kuma marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin namu ne, a gida muke da shi.

Sai dai ku ji inda na sake yin tuntuɓe. Buhun nan yana aiki ne sosai a Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe. Da aka shiga ƙarshen Mayu, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, garin ya yi irin ɗumin nan mai sa zufa ko kana zaune, sai buhun ya daina bushewa. Ni kuma na ci gaba da jiƙawa, har na ƙara na biyu. Ashe iska na tare musu. Laima ta haɗu da zarnin fitsari a ƙarƙashin keji, biyu daga cikinsu suka fara atishawa da majina, sai da likita ya zo. Tun daga nan, da na ga buhu ya wuce awa biyu bai sha iska ba, sai in sauke shi in bar wurin a buɗe.

Fanka ita kaɗai ba ta yi wa zomo abin da take yi mana, tunda ba zufa gare shi ba balle ta busar. Amfaninta ta kori iskar da ta tsaya. In kana da mai caji ka saita ta tana bugun jiƙaƙƙen buhun, kar ta riƙa bugunsu kai tsaye, wayar kuma a ɗauke ta daga inda haƙorinsu zai kai.

Abin da ya fi komai yi min aiki, kuma shi na fi so ku gwada, shi ne na mayar musu da raminsu. Na karanta cewa wani farfesa a Italiya mai suna Alessandro Finzi ya daɗe yana aiki a kan gidan zomo na ƙasashe masu zafi: ɗan ɗaki a binne cikin ƙasa mai murfi a sama, da bututu da ya haɗa shi da kejin raga a waje. Zomo ya wuni a ciki, da dare ya fito ya ci ya sha ya yi kashinsa a waje. Sai na ce ai mu da muke da magina tukwane wannan ba zai gagare mu ba. Na sayi matsakaitan randuna, na sa aka huda kowace a gefe, na jera su a inuwa, na tara musu ƙasa har wuya kamar kunya, na haɗa kowace da kejinta da guntun bututu mai faɗin da zomo zai wuce. Bakin randar na rufe da faifan katako mai nauyi, in ina son dubawa sai in ɗaga. Da safe Auta kan yayyafa wa ƙasar ruwa. Ranar da ma'auni ya nuna 40 a gindin bishiya, cikin randar 31 na gani. Da hantsi ya yi ba ka ganin zomo ko ɗaya a waje.

Wani zai ce ai gara a sake su a ɗakin ƙasa su haƙa raminsu, yadda iyayenmu ke yi. Gaskiya ne suna samun sanyi, kuma wanda ba shi da wata hanya ya yi hakan ya fi ya bar su ƙarƙashin kwano. Amma ni ban so shi ba. Ba ka ganin 'ya'yan sai sun fito, in ɗaya ya mutu a ciki sai wari ya gaya maka. Suna cin gindin gini, suna ɓullewa gidan maƙwabci, kuma ruwan farko in ya zo da ƙarfi ramin yake cikawa. Randa kuwa ba sa iya haƙa ta, kuma nawa tudun a saman ƙasa yake, ruwa ba ya kwanciya.

Wanda wannan ya yi masa yawa, ko fallen tayil ɗaya ya saka a kusurwar keji, ko fasasshen kasko a kife. Za ka ga sun baje ciki a kai.

Maganar gorar ƙanƙara da ake ta yaɗawa, e, tana aiki. Ka daskarar da ruwa a gorar roba, ka naɗe da tsumma, ka ajiye, su jingina da ita. Matsalar kowa ya san ta, wuta ce, kuma in bazara ta haɗu da azumi ƙanƙara sai mai rabo. Ni ina ajiye wannan ne don mai ciki da mai shayarwa a ranakun da hukumar NiMet ta yi gargaɗin tsananin zafi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jefa musu daskararren ruwan leda. Za su tauna ledar su haɗiye, zomo kuwa ba ya amai, duk abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya ko ya toshe.

Ruwan sha kuma, akwai wata magana da ta kashe zomaye da yawa a ƙasar nan, wai zomo ba ya shan ruwa, na ganye ya ishe shi. Ƙarya ce. Zomo mai kilo biyu zuwa uku yana iya shan kusan kwatan lita a rana ko babu zafi, da bazara ya ninka, mai shayarwa kuwa tana iya tashi da lita guda har fiye. Robar da Amarya ta kifar marar nauyi ce. Yanzu kaskon ƙasa mai nauyi nake sa musu, biyu a kowane keji, in ɗaya ya kife akwai ɗaya, ga shi kuma yana riƙe sanyi. Masu amfani da mashaya mai kan nono irin ta kaji, ku sani zomo ya fi shan ruwa sosai a buɗaɗɗen mazubi, kuma bututun da rana ta doka ruwan wanka yake kawowa, ba za su sha ba. Sau uku muke canzawa, safe, azahar, magariba.

Abinci na mayar da mafi yawansa yamma, domin dama da dare suka fi ci. Harawa busasshiya kullum tana gabansu, ita ke sa hanji tafiya. Dusa ko ƙwayar abinci sai rana ta faɗi. Ɗanyen ganye, na dankalin Hausa ko zogale ko latas, ana wankewa sosai saboda feshin da ake yi a fadama, a ba su da ɗan laimarsa. Kar a bar shi cushe a buhu ya yi zafi, yana kumbura musu ciki. Ɓawon kankana da gurji kaɗan-kaɗan. Sannan a ja wa yara kunne, domin da bazara kore ya yi wuya, yaro in an aike shi duk abin da ya gani kore tsinkowa yake yi, kuma abin da ya fi zama kore shar a lokacin shi ne tumfafiya. Guba ce. Haka zurma, da ganyen tumatir, da na dankalin Turawa. Zomon da ya yi awa goma sha biyu bai ci ba, bai yi kashi ba, kar a jira gobe.

Shi kuwa Ango, labarinsa bai ƙare ba. Cikin watan Mayu na sayo wa Auta wata macen don in wanke laifina. Aka haɗa su, shiru. Aka sake, shiru. Har na fara cewa wannan namijin ya tashi aiki, a yanka shi a huta, Auta ta ce sai dai a yanka ta tare da shi. Likita ya yi dariya ya ce in ƙyale shi. Zafin da ya haura digiri 30 na kwanaki a jere yana lalata maniyyin namijin zomo, yana barbara lafiya lau amma babu ciki, kuma sai ya ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya dawo. Cikin Agusta sai ga 'ya'ya bakwai. Da na bi zuciya da na yanka shi a banza.

Wannan ya sa yanzu ba na haɗa su daga tsakiyar Fabrairu har sai ruwa ya zauna. Mai tsohon ciki ita ce ta farko da zafi ke ɗauka, in ta tsira ma ko ta yi ɓari ko nono ya ƙi zuwa. In kuma an riga an haihu cikin zafin, ka duba akwatin haihuwa da rana. Uwar takan tsige gashinta ta lulluɓe su, abin da ke ceton su da hunturu shi ke dafa su da bazara. In ka ga sun watse kowa ya kama kusurwarsa maimakon su dunƙule, ka rage gashin, da dare ka mayar musu kaɗan. Mai niyyar saye kuma ya jira damina. In ya zama dole, a ɗauko su da asuba ko da dare cikin kwando mai iska, ban da but ɗin mota, ban da buhu. Kuma wanda aka haifa a nan yankin ya fi wanda aka sauko da shi daga Jos juriya, can tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinsu daban. Manya irin su Flemish Giant da masu dogon gashi irin Angora kyan gani gare su a hoto, amma su suka fi jigata.

Da dare kuma kar son iska ya sa a bar ƙofar keji a buɗe. Ni mage ta taɓa ɗauke min ɗa guda ta ratar da ban ɗauka komai ba, gafiya ma tana yi. Ragar ta zama mai ƙananan ido, ƙafafun keji a tsoma su cikin gwangwani da baƙin mai saboda tururuwa. Da ruwa ya fara sauka ƙuda zai yi yawa, yana yin ƙwai a gashin da ya jiƙe da fitsari ko zawo, cikin kwana guda tsutsa ta fito ta fara cin nama. Kowace yamma Auta na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙarƙashin wutsiya.

Yanzu suna tara, bazarar bara ba mu rasa ko ɗaya saboda zafi ba. Ma'aunin nan bai koma ɗakin 'yan tsaki ba, sai da na sayi wani, domin Auta ta riƙe shi. Kullum ta dawo makaranta kafin ta cire hijabi sai ta je ta karanta, ta rubuta a bayan littafinta. Jiya ta tare ni a zaure.

"Baba, yau 36 ne. Kuma zanar ta cinye, ana hango kwano."

"To Auta, ranar Asabar zan sayo."

"Ranar Laraba dai, Baba. Asabar ta yi nisa."

Gobe Laraba, da sassafe zan shiga kasuwa. Zana biyu, da randa ɗaya, don ta huɗun ta tsage.